Littafin awo da littafin buri: nazarin lamarin wani tela a Tudun Wada

A watan Maris na 2020 gwamnatin Jihar Kaduna ta rushe Kasuwar Barci da ke Tudun Wada domin a sake gina ta. Wanda ya san kasuwar ya san ba 'yan gwanjo kaɗai ke cin abinci a cikinta ba. Akwai teloli rututu, wasu a nan suka koyi sana'ar tun suna yara, a nan kuma suka yi furfura. Watan bai ƙare ba aka kafa dokar kulle saboda korona. Telan da wannan nazari ya shafa yana cikin waɗanda abubuwan nan biyu suka haɗe wa lokaci guda: babu rumfa, babu kuma mai kawo ɗinki. Ba zan kama sunansa ba, domin lamarin ya taɓa iyalinsa da surukansa.

Mahaifinsa ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, daga cikin dubban mutanen da suka rasa aiki lokacin da masaƙun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, masaƙar UNTL kuma ta tsaya a 2007. Gidaje da yawa a Kaduna a wannan tsakanin suka cire rai da albashi suka tura 'ya'yansu koyon sana'a, nasu gidan ma haka. Yana gama sakandare aka danƙa shi ga wani dattijon tela, ya yi shekaru yana guga da sa maɓalli kafin a bar shi ya riƙe almakashi. Ya taɓa fara difloma ta yamma, kuɗin makaranta suka gagara, ya bari. Bayan rushe kasuwar ya koma wani shago da suke haya su uku a cikin unguwa, kowa da kekensa.

Hannunsa yana da kyau, wannan babu gardama. Kaftaninsa yana zama a jiki, kuma ba ya ɓata wa mutum shadda. Matsalarsa ita ce ba shi da injin aikin wuya, don haka duk rigar da ke buƙatar aiki sai ya kai wa masu injin, ya biya su, ya kuma bi layi. Da azumi layin nan yakan yi tsawo har ya saɓa wa mutane alkawari, ranar jajibere a yi ta cacar baki a ƙofar shago. Riba mai tsoka tana wurin aikin wuya, shi kuwa wahalar yanka da haɗawa ce rabonsa.

Buri kam yana da shi, har guda biyar, kuma duk wanda ya zauna a bencin shagonsa ya san su: injin aikin wuya, aure, fili a Rigasa, komawa karatu, da kai mahaifiyarsa Umara. In ka tambaye shi yaushe, amsar ɗaya ce: "Bayan Sallah, in sha Allahu." Ƙaramar Sallah ta wuce, sai a jira babba. Haka aka yi ta juyawa.

Abin da ya tayar da maganar

Wajen ƙarshen 2022 mahaifin yarinyar da yake nema ya aiko masa cewa in da gaske yake ya turo magabatansa a tsayar da rana, in kuwa bai shirya ba ya ba wasu wuri. Ni kwastomansa ne tun yana ƙarƙashin maigidansa, kuma lissafin kuɗi ne aikina, shi ya sa ya zo wurina neman rance. Na tambaye shi nawa yake buƙata, ya ce, "Yaya, duk abin da ya sauwaƙa." Na tambaye shi nawa ya samu a ɗinkin Sallar da ta wuce, ya ce an dai samu alheri. Nawa ya rage ya cika kuɗin injin? Ya yi shiru, sannan ya ce ai bai fara tarawa ba tukuna, amma yana da niyya.

Mutumin nan kuwa yana da littattafan awo da ya adana na shekaru. In ka ce masa ya duba kafaɗar wani da ya yi wa ɗinki tun a tsohuwar kasuwa, zai buɗe shafi ya karanta maka ita da tsawon hannu da faɗin wuya. Bai taɓa yarda ya yanka yadin mutum da ka ba, ko da na amininsa ne, don ya san ƙwaƙwalwa tana ƙara inci ko ta rage. Amma rayuwarsa gaba ɗaya da ka yake yanka ta. Na faɗa masa haka, kuma na ce ba zan ba shi ko sisi ba sai mun zauna ya rubuta.

A bayan littafin awon da yake amfani da shi muka fara. Ya jera burin nan biyar, kowanne a layinsa, da kuɗin da zai ci a farashin ranar, da lokacin da yake so ya cika. Farashin injin ma bai sani ba sai da ya kira wani mai sayarwa a waya. Da muka haɗa jimla muka raba da abin da yake jin zai iya ajiyewa a wata, sai ga shi ya haura shekara goma, shi kuwa a ransa duk biyar ɗin cikin shekara biyu za su kammala.

Wannan shi ne abu na farko da takarda ta yi masa, kuma a ganina ya fi duk sauran muhimmanci. A cikin kansa, kuɗin ɗinkin Sallah guda ɗaya ya riga ya kashe su sau biyar. In yana tunanin aure, kuɗin Sallah ne za su yi lefe. In yana tunanin injin, su ne dai. In mahaifiyarsa ta yi zancen Makka, zuciyarsa ta sake miƙa mata su. Ba ƙarya yake yi wa kowa ba. Burin ne ba sa zuwa masa a tare, kowanne shi kaɗai yake zuwa, ya tarar da kuɗin a ajiye kamar nasa ne. Sai da aka jera su a shafi ɗaya suka ga juna. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce, "Ashe ni kaina nake yaudara."

Mataki na biyu ya fi ba shi wahala: wata guda cur yana rubuta duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita, har kuɗin shayi da katin waya. Ba ya caca, ba ya shaye-shaye, don haka babu wani babban rami guda da za a nuna a ce ga inda dukiyar ke zurarewa. Ƙananan ɓaraka ne. Kafin alƙalamin da kwastoma ya bayar don sayen zare da kayan aiki yakan tafi cefane tun kafin a taɓa yadin, in lokacin aiki ya zo sai ya ci bashi ya sayi kayan. Akwai mutanen da suka karɓi ɗinki da "zan turo maka" tun bara, bai rubuta ba, kunya kuma ta hana shi tambaya. Sannan ga gudummawa: biki, suna, anko, abokin da babur ɗinsa ya lalace, ƙanin da aka koro daga makaranta. Babu wanda za ka ce bai cancanta ba a cikinsu, amma da aka tara sai suka kusa kai kuɗin hayar shagonsa sau biyu a watan.

Turjiyar da aka fuskanta

Mahaifiyarsa ce ta fara nuna rashin jin daɗi. Da ta ji ya rubuta shekarar da zai kai ta Umara, sai ta ce, "Kai ka san gobe ne? Ka bar wa Allah ikonsa." Ba maganar banza ta yi ba, mun taso muna jin malamai suna gargaɗi a kan dogon buri. Sai dai abin da ake gargaɗi a kai shi ne mutum ya shagala da duniya kamar ba zai mutu ba. Ayoyi na 23 da 24 na Suratul Kahfi ba su hana a ce za a yi abu gobe ba, sun koyar ne a haɗa da in sha Allahu. Annabi Yusuf, alaihis salam, tsarin shekara bakwai na noma da ajiya ya shimfiɗa wa Masar saboda shekara bakwai na fari. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi da wa'adinsa, ƙarami ne ko babba. Ga kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mai raƙumi, wanda aka ce masa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Telan ya rubuta "In sha Allahu" a saman kowane shafi, ya kai mata ta gani, ta sa masa albarka.

Tsoronsa shi kuma daban ne: baki. Ya ce in littafin ya faɗa hannun abokan zamansa na shago, kowa zai san sirrinsa, kuma ba kowa ke son ka da alheri ba. Ban yi musu da shi ba. Ya sayi wani ƙaramin littafi daban yana ajiyewa a gida, muka kuma yarda mutum ɗaya tak zai riƙa gani, wato tsohon maigidansa. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yakan je gaishe shi, sai ya haɗa da nuna masa shafin makon. Na ƙi karɓar wannan matsayi da gangan, domin ni zai iya yi mini kwana-kwana, amma mutumin da ya koya masa riƙe almakashi ba ya iya kallon idonsa ya faɗi abin da ba haka ba.

Dattijon ne ma ya yanke maganar jeri. Ya duba layukan biyar ya ce, "Yaro, taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Wanne ne a ciki yake haihuwa?" Injin ne kaɗai zai kawo kuɗi, sauran huɗun ci suke yi. Aka sa shi a farko, aure na biyu, fili da Umara da karatu aka tura gaba ba tare da an goge su ba. Kawunsa ya je wurin mahaifin yarinyar da magana tsayayya: a ba shi zuwa bayan Babbar Sallar 2023, ga dalili, ga abin da yake tarawa duk mako. Uban ya amince, kuma daga baya ya gaya wa kawun cewa abin da ya sa ya haƙura shi ne wannan ne karo na farko da ya ji wata da shekara daga bakin yaron.

Abin da bincike ya tabbatar da wanda bai tabbatar ba

Akwai wani labari da masu laccar zaburarwa ke yawan bayarwa, har a tarukan matasa a nan Kaduna: wai an bi ɗaliban Jami'ar Yale na 1953, wasu su ce Harvard na 1979, aka tarar kashi 3 cikin ɗari da suka rubuta burinsu sun fi sauran kashi 97 dukiya in an haɗa su. Ba a taɓa yin wannan bincike ba. Mujallar Fast Company ta bi diddiginsa a 1996 ba ta sami tushensa ba. Ina ambatonsa ne don yana cutarwa: yana sa matashi ya ɗauka rubutun kansa wani laƙani ne, ya rubuta "zan zama miloniya" ya jefa a akwati, in shekara ta zagayo babu komai ya ce duk zancen banza ne.

Abin da aka tabbatar bai kai wannan armashi ba, amma ya fi amfani. Edwin Locke tun 1968, daga baya tare da Gary Latham, sun nuna cewa manufa takamaimiya mai ɗan wuya ta fi "yi iya ƙoƙarinka" fitar da aiki. Misalin da ya shahara shi ne na direbobin manyan motocin dakon gungumen katako a Amurka, wanda aka wallafa a 1975. Suna loda kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin da doka ta yarda, da aka sa musu kashi 94 a matsayin abin kaiwa sai lodin ya haura kashi 90. Motocin ba su canza ba, direbobin ma su ne, adadi kawai aka ba su.

Game da rubutu kansa, Gail Matthews ta Jami'ar Dominican a Kalifoniya ta gwada, ta ga waɗanda suka rubuta sun fi waɗanda suka tsaya a tunani cim ma abin da suka sa gaba, kuma waɗanda suka fi kowa su ne masu aika wa aboki rahoto duk mako. Binciken nata ƙarami ne, mutum 267 suka fara, 149 suka kai ƙarshe. Wanda ya fi nauyi shi ne na Benjamin Harkin da abokan aikinsa a 2016, da suka tattara gwaje-gwaje 138: yawan duba inda aka kwana yana ƙara yiwuwar kaiwa ga manufa, kuma tasirin ya fi ƙarfi in ana rubuta sakamakon ko ana nuna wa wani. Ziyarar Juma'ar nan ke nan, ko da yake dattijon bai taɓa jin sunan Harkin ba.

Binciken da ya fi kusa da mu shi ne na Lome a ƙasar Togo, wanda mujallar Science ta buga a 2017. Masu ƙananan sana'o'i 1,500 aka raba rukuni-rukuni. Waɗanda aka koya wa sa wa kai manufa, tsara matakai da hango cikas tun kafin ya zo, ribarsu ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari a shekara biyu. Waɗanda aka ba horon kasuwanci irin na gargajiya kashi 11 suka samu.

Akwai kuma dabarar Peter Gollwitzer, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Jamus, ta ƙulla niyya da wani lokaci ko yanayi: in kaza ya faru, zan yi kaza. Da ita muka gyara layukan telan. "Zan riƙa ajiya" ya koma "duk wanda ya biya kuɗin ɗinki, kafin in tashi daga kan keke zan tura kashi ɗaya cikin biyar asusun injin." "Zan daina saɓa alkawari" ya koma "in goma ga azumi ta wuce, ba na karɓar ɗinkin Sallah ko na waye." Na biyun nan ya fi ciwo, don yana nufin mayar da kuɗi da hannunsa a lokacin da kowane tela ke tara yadi har rufi.

Shekarar da lissafi ya rushe

Da a ce 2023 shekara ce lafiyayya, da wannan nazari bai koyar da abu mai yawa ba. A farkonta canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, mutane suna kwana a layin banki, masu POS suna sayar da naira da naira. Gwamnatocin Kaduna, Kogi da Zamfara ne suka kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. Ɗinki ya ja baya a watannin nan, ko da yake abin ya zo masa da wani sauƙi da bai zata ba: da yake kowa taransfa yake yi, kuɗi sun daina zama a aljihunsa, cire kason injin ya zama danna waya kawai.

Sai ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 700 cikin kwanaki, kuma a farkon 2024 ta haura 1,500. Injin ɗinki daga waje ake shigo da shi, don haka farashin da telan ya rubuta a Disamba ya zama tarihi. Man janareta, wanda da bai isa a ba shi layi a littafi ba, ya zama babban abin kashewa.

A nan takarda ta yi aikinta na biyu. Da yake duk wata yana rubuta abin da ya tara a gefe ɗaya da farashin injin a ɗaya gefen, bayan Babbar Sallah ya ga abin da ido: ajiyarsa tana ƙaruwa, amma tazarar da ke tsakaninta da injin ta fi ta saurin ƙaruwa. Ya cika duk alkawarin da ya yi wa kansa, kuma ya fi nisa da injin a kan ranar da ya fara. Ya zo wurina ransa a ɓace ya ce, "Yaya, wannan littafin naka bai yi ba." Na ce masa littafin ne ya gaya maka yanzu, ba bayan shekara biyu ba. Wanda ke tarawa da ka zai ci gaba da jin daɗin cewa yana da ajiya, alhali nairar tana narkewa a hannunsa.

Cikin mako biyu ya sauya shawara. Ya bar zancen sabon inji, ya sayi na hannu, ƙarami, wurin wani tela da zai bar gari, ya biya mai gyara ya duba masa kafin ya ba da kuɗi. Ba shi ne injin da ya yi mafarki ba, kuma akwai zanen da ba ya iya fitarwa. Amma yawancin aikin wuyan kaftani ya dawo shagonsa, abokan zamansa biyu ma suka fara ba shi nasu. Ya kuma mayar da aikin injin zuwa lokutan da ake samun wuta, ko da tsakar dare ne, don ya rage shan mai. A littafin ya ja layi ɗaya a kan tsohon burin yadda za a iya karanta shi, ya rubuta sabon a ƙasa da dalilin canjin. Na so wannan ɗabi'a tasa ƙwarai, ta ƙin yage shafi.

Inda abin ya kusa ɓaci

Batun gudummawa ne ya fi jawo masa magana. Ya ware wani adadi duk wata ya sa masa suna "zumunci", in ya ƙare ya ƙare. A karo na farko a rayuwarsa ya sami bakin cewa, "Wallahi na wannan watan ya ƙare, ka bari wata ya kama." Da, in an roƙe shi, ba shi da hujjar hanawa ko a gaban kansa, tunda kuɗin suna aljihu kuma ba su da suna. Yanzu kowace naira da mai ita. Yayansa bai ji daɗi ba, ya ce tunda ya fara hulɗa da 'yan boko ya koyi maƙo. Wasu abokai suka ja baya. Wannan farashi ne na gaske, kuma duk mai ba da shawarar a rubuta buri a cikin al'umma irin tamu ya kamata ya faɗe shi tun farko.

Sai dai akwai ranar da ya wuce gona da iri. Gwaggonsa ta kwanta asibiti, aka zo neman taimako a ƙarshen wata, ya ce kason zumunci ya ƙare. Da maganar ta kai kunnen dattijon ranar Juma'a, ya rufe littafin ya miƙa masa ya ce, "Kai ka rubuta shi ko shi ya rubuta ka? Matar da ta goya ka?" A ranar ya cire daga kuɗin aure ya kai, ya kuma ƙara doka a shafin farko cewa ciwo da mutuwa ba sa cikin lissafin wata. Masana ma sun san wannan haɗari. A 2009 Lisa Ordóñez da abokan aikinta sun yi rubutu a kan illolin manufa in ta yi tsauri: tana ƙuntata ganin mutum har ya daina lura da abin da ba a rubuta ba, wani lokaci ta kai shi ga abin da bai dace ba don dai adadi ya cika. Abin da ya cece shi a nan mutum ne mai hankali da ke ganin littafin. Da shi kaɗai yake dubawa, da ya tafi yana ganin ya yi daidai.

Inda aka kwana

An ɗaura auren wajen ƙarshen 2023, watanni bayan lokacin da aka ambata, da lefe daidai ƙarfi. Kawunsa ya koma tun kafin wa'adin ya cika ya nemi ƙari, bai jira an aiko ba. Ƙaramar Sallar 2024 ita ce ta farko da ya gama ɗinkin mutane kafin jajibere. Ya karɓo wani kaso na tsofaffin basussukansa bayan ya fara rubuta su da ranar biya a gaban mai karɓar kaya, wasu kuma ya yafe ya soke. Fili bai samu ba. Umara ta ƙara nisa, domin da dala ake lissafa kuɗin kujerar, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024. Biyu ke nan cikin biyar, ɗayan ma ba a yadda aka tsara ba.

Ba zan ce littafi ne ya yi duk wannan ba. Yana da sana'a a hannu tun kafin ya rubuta harafi ɗaya, yana da maigida mai gaya masa gaskiya, surukinsa mai haƙuri ne, kuma an yi dace wani yana sayar da inji a daidai lokacin da yake nema. Lamari ɗaya ne wannan, ba ya zama hujja a kan kowa. Wanda abin da yake samu bai kai na abinci ba, rubutu ba zai ƙirƙiro masa rarar da babu ita ba, kuma rashin adalci ne a ce masa talaucinsa rashin tsari ne. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne wurare uku da na ga shawararsa ta canza saboda abin da ke kan shafi: ranar da ya ga burinsa biyar kuɗi ɗaya suke jira, ranar da ya ga farashi ya tsere masa ya sauya hanya da wuri, da ranakun da ya iya cewa a'a ba tare da ya yi ƙarya ba.

Layin karatu ne muka saɓa a kai. A farkon 2025 ya soke shi gaba ɗaya, ya ce da iyali da yara biyu masu koyon aiki a hannunsa ba ya ganin ranar komawa aji, kuma gara ya daina ɗaukar abin da ya san ba zai yi ba. Na fahimci dalilinsa, soke buri da sani ya fi barin sa yana cin rai. Amma ina ganin ya yi sauri, domin takardar shaida tana buɗe ƙofar kwangilar ɗinkin kayan makaranta da na ma'aikatu, kuma ba dole sai ta difloma ba. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, tana da tsarin ba masu sana'ar hannu shaidar ƙwarewa bisa abin da suka iya, kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta yi irin wannan aiki da masu sana'a na kasuwar Panteka. Na gaya masa ya je ya tambaya ko akwai na ɗinki da abin da ake buƙata. Bai mayar da layin ba, amma ya rubuta ranar da zai je tambayar, ya kuma ce sai ya ji ta bakin maigidansa kafin ya yanke.